Gidan da Maraƙi Ba Ya Kuka

Bazara ce, irin wadda ke biyo bayan daminar da ta ɗauke da wuri. Gero ya yi kai amma bai cika ido ba, dawa kuwa tana tsaye kore shar ruwa ya tafi ya bar ta. Tun kafin sanyi ya wuce, mai shiga rufewa, rumbunmu na ƙasa, ɗauko dami sai ya dira har ƙasa. Shekarar ba ta kashe mutane a fili ba, rage su dai ta riƙa yi kaɗan-kaɗan. Mata a bakin rijiya sun daina hira mai tsawo. Kowa ya ja gugarsa ya tafi.

Ni ɗiyar Turba ce, ta ƙasar Isa. Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Kurawa, gidan Gobirawa masu zane har kunne. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigida, da kakarsa wadda ta rene shi tun rasuwar uwarsa, sai ɗiyata ta fari. A wannan bazara yarinyar tana wata goma, ni kuma na wayi gari da wani cikin. Kowa ya san abin da ake yi in haka ta faru. Aka ce nonona ya ɓaci, aka shafa mini ɗaci, aka cire ta rana ɗaya.

Ta ƙi kunu. In na ɗura mata sai ta dawo da shi. Koko ma haka. Wuyanta ya yi siriri, gashinta ya fara ja. Abu guda ne ke zama a cikinta, madarar saniyarmu, da ɗuminta, a ludayi.

Saniya ɗaya gare mu, ja mai dogayen ƙahoni, ta haifi maraƙi namiji cikin sanyi. Duk wanda ya taɓa tatsa ya san irin shanunmu ba sa sakin nono sai ɗansu ya fara kamawa. In babu maraƙi kusa, ko ka ja hantsa har hannunka ya gaji, ɗigo ba ka samu. Ran ɗiyata ke nan yana rataye ga saniya, nonon saniya kuma yana rataye ga maraƙi. Na san haka, amma ba ni da bakin faɗa. Ɗiyar fari ce. Ba a kama sunanta, ba a ɗaukarta gaban manya, ba a nuna an damu da ita. Duk abin da nake son faɗa a kanta, sai na riƙa faɗarsa a kan maraƙi.

A Turba, inda na tashi, muna maƙwabtaka da Fulani. Maruƙansu a dangwali suke wuni, igiya ce doguwa da ake jera su a kai ƙarƙashin itace. Suna ganin rana, suna jin muryar iyayensu, yara na sosa musu wuya. In an zo tatsa, ana bar musu nono ɗaya cikin huɗu. Maraƙin ruga in ya ga mutum, biyo shi yake yi yana tsotsar bakin rigarsa.

A gidan aurena ba haka ba ne. Akwai wani ɗan ɗaki bayan rufewa, ba taga, ƙofarsa asabari biyu da kututture. Nan ake kulle maraƙi tun kwanansa uku. A bakinsa akwai takunkumi na igiyar kaba, an ɗaure shi ta bayan kunnuwa, yadda ko hamma ba zai iya ba. Safe da yamma maigida zai jawo shi, ya kwance takunkumi, ya bar shi ya kama nono kamar tsawon alwala. Da ya ga hantsa ta cika sai ya buge shi a hanci da tsumagiya ya finciko shi, ni kuma in durƙusa da ƙwarya. In maraƙin ya buɗe baki zai yi kuka, wani bugun ne. Maigida ba mugu ba ne. Haka ya ga ana yi, bai taɓa ganin an yi wani abu daban ba.

Wata rana ina tsefe wa Kaka ɗan gashin da ya rage mata, na ce, "Kaka, halan maraƙin nan wani laifi ya yi?"

"Mi kika gani?"

"Na ga ba shi ganin rana. Kuma igiyar ta fara cin hancinsa."

"Ɗiyar Isa," ta ce, haka take kirana in za ta tsokane ni, "ku da kunka saba kwasar shanun mutane, ai dole ki ji tausayinsu. Gidanga maraƙi ba shi kuka. Tun ubana."

Na ci gaba da tsifa. Can, ba tare da na sake tambaya ba, ta ɗauko labarin.

Tana ƙarama, ta ce, ba ta kai ɗaurin zane ba. Zamanin ne da Gobirawa suka ƙi bin Sakkwato suka kafa Sabon Birni, Isa kuma ta tsaya musu a gaba. Damina noma, rani hari. Namu su je su kwaso, nasu su zo su rama. Wata safiya aka hango ƙura, mutanen ƙauyensu suka watse cikin kurmin bakin gulbi. Su biyar suka kwanta cikin sarƙaƙiya, da ɗan maraƙin da ubanta ya saɓo a kafaɗa don kada a rasa duka. Mahaya suka kora garken gari suka biyo gefen kurmi. Har sun wuce. Sai maraƙin ya ji warin uwarsa cikin garke, ya yi kuka. Uwar ta amsa, ta ɓalle ta nufo sarƙaƙiya, dawaki biyu suka biyo ta.

"Ni da baba munka tsira, don ya danne ni cikin laka," in ji Kaka. "Inna da ƙanena da goggo anka tafi da su. Ban sake ganin ko zanensu ba." Ta tofar da goro. "To ke ki ce mani maraƙi shi yi kuka."

"Kaka, ai yanzu ba a hari."

"Wa ya gaya maki? Ranar ma haka munka ce."

Wataƙila cikin mahayan nan akwai kakan wani da na sani.

Zafi na ƙaruwa, maraƙi na lalacewa. Ɗakin nan da rana kamar tanderu. Zawo ya kama shi, gindinsa ya yi kaca-kaca, gashinsa ya tashi tsaye. Inda igiya ke bi a hancinsa ya zama gyambo, ƙuda na shiga ta ƙasan asabari. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya koma da ganin mutum. Da ya ji an taɓa kututture sai ya matse a lungu yana rawar jiki. In aka kai shi ga uwarsa, ba ya kama nono da ƙarfi, ido ɗaya na kan tsumagiya. Ita ma uwar tana jin haka. Nonon da ke cika rabin ƙwarya ya dawo yana rufe gindinta da ƙyar.

Na ce da maigida, "Da an bar mashi nono guda, a rage bugun."

Ya ce, "In an bar mashi, ita yarinyar ta sha mi?"

Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Sai na fara shiga ɗakin a ɓoye. Da azahar maigida yana can yana sassabe, Kaka tana barci gindin bedi, wato darbejiya, da yarinyar a gefenta. Nakan jiƙa dusa da ɗan kanwa in tace ruwan in kai. Ranar farko na tsuguna bakin ƙofa, bai ko kalle ni ba. Rana ta biyu na miƙa hannu, ya daki bango da kansa don gudu. Na daina miƙawa. Na riƙa zama kawai ina yi masa magana a hankali, irin maganar da ban isa in yi wa ɗiyata ba a tsakar gida. Sai a rana ta shida ya tako ya shinshina yatsuna ta cikin takunkumi. Na sassauta igiyar, ya sha ruwan dusa, na wanke gyambon na shafa man shanu. Na sosa masa ƙarƙashin wuya yadda yaran ruga ke yi. Ya miƙe wuyan, ya lumshe ido. A kwanakin nan zawon ya ɗan tsaya. Da yamma ya kama nono da ƙarfi, nonon ya ɗan hau.

Da na tsaya nan, da ban san yadda za ta kasance ba. Amma na ga ya samu sauƙi, zuciyata ta ce in cire masa takunkumin gaba ɗaya, ko na ɗan lokaci, gyambon ya sha iska. Na manta uwarsa ba ta yi nisa ba ranar, tana bayan gida tana tsintar kara. Na zare igiyar. Ya motsa muƙamuƙi sau biyu kamar mai koyon tauna, ya ɗaga kai, ya yi kuka. Murya ce shaƙaƙƙa, kamar ba ta dabba ba. Saniya ta amsa daga bayan danga.

Na fito a guje. Tabarmar Kaka wayam, ba ita ba yarinya. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi. Na same ta a ƙarƙashin rufewa, tsakanin duwatsun da ke ɗauke da ita, ta kwanta rub da ciki, ɗiyata a ƙarƙashinta, tafin hannunta a kan bakin yarinyar da hancinta. Idonta a buɗe amma ba ni take gani ba.

"Kaka! Kaka, ni ce! Sake ta!"

"Yi shiru," ta ce cikin raɗa. "Sun kusa wucewa."

Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta ja numfashi ta ƙwala ƙara. Kaka ta dube ni, ta dubi hannunta. Ranar ba ta ci komai ba.

Da maigida ya dawo ya ji, bai taɓa ni ba. Ɗakin maraƙi ya shiga da tsumagiya. Ina tsaye a madafa ina jin saukarta, ba na jin kuka, don ya riga ya mayar da takunkumi. Daga ranar ya ɗaure ƙofar da wani ƙulli nasa wanda in an kwance zai gane.

Kwana tara bayan haka maraƙin ya daina tashi da kansa. Sai an ɗaga shi ake kai shi ga uwarsa. Maigida ya ce gara a kai shi kasuwar Sabon Birni wajen rundawa, masu fawa, kafin ya zama mushe.

Na ce, "Maigida, in ya tafi, saniya ba ta sakin nono."

"Za ta saba."

"Ba ta sabawa. Na sani."

"To in bar shi shi mutu banza? A rasa nono a rasa nama?"

Na so in ce masa ba maraƙi nake roƙa wa ba. Kaka na zaune tana jinmu. Na sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi ya sa masa igiya a wuya ya jawo shi waje. Dabbar da ba ta taɓa taka ƙasa fiye da taki ashirin ba, ba ta san rana tsaka ba. Haske ya kashe masa ido, ya turje. Maigida ya ja, ya murɗe masa wutsiya, ya tsula masa tsumagiya. Ya yi taki kaɗan ya durƙusa. A sake tayar da shi, a sake ja. Ina kallo ta kafar danga har suka shige gonaki. Rana ta take, ta fara juyawa, sai ga maigida ya dawo da shi a kafaɗa. Ko rabin hanya ba su kai ba. Harshen maraƙin ya leƙo ta gefen igiya, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa kamar zugazugi.

Aka aika kiran wani barunje, mahaucin da ke ƙauyenmu, dattijo mai ido ɗaya da yawan zolaya. Ya shigo yana wasa wuƙa a tafin hannu.

"Tsohuwa, ke za a yanka ko maraƙi? In ke ce, in koma in ɗauko gatari."

"Ɗan banza," in ji Kaka. "Ubanka ma bai iya ba."

Maigida ya yanka, barunje ya kama fiɗa, ni na riƙe masa tasa. Da ya ɗaga fata ta wajen cinya sai dariyarsa ta tsaya. Ƙarƙashin fatar duk jini ne ya taru ya daskare, layi-layi, wani sabo ja, wani tsoho ya koma rawaya. Ya yanko tsoka ya ɗaga ta ga haske. Baƙa ce, ta bushe, tana kama yatsa kamar ƙaro.

"Wanga wata nawa gare shi?"

"Huɗu," in ji maigida.

"Huɗu!" Ya girgiza kai. "Naman maraƙin wata huɗu fari-fari shike, da laushi, tsohuwa marar haƙori tana cinsa. Wanga ko awa na tsohon bijimin da ya gaji da huɗa. Kai, da mi ka yi kiwonsa, da dusa ko da sanda?"

Maigida ya ce ciwo ne.

"Ciwo daban, wanga daban. Shekara nawa ina fiɗa? In Bafillace ya kawo mani maraƙi, hannunsa na bisa wuyansa, dabba na biye da shi awa ɗansa. In kwantar da shi, bai san mi za a yi ba sai an gama. Namansa shi kwana shi wuni lafiya. Wanda anka jawo da duka, tsoro ya cinye shi tun da rai, abin da ya rage shi ne wanga." Ya jefa tsokar cikin tasa. "Ba ni ɗora shi bisa faifaina, a ce na sayar da mushe. Ku dafa shi yau. Zafin ga, ba shi kai gobe."

Ya sunkuya zai ci gaba, ya kai wuƙa wajen wuya zai raba fatar kai da ta jiki yadda aka saba. A nan na tuna wani abu da na gani ina yarinya, ranar da na raka innata ruga sayen nono. Na ga wata saniya tana lasar maraƙin da ba ya motsi, wata mata na tatsarta. Sai da na matsa na ga fata ce aka cusa wa ciyawa.

Na ce, "Baba, don Allah a fid da fatar ɗungum. Da kunnuwa da wutsiya. Kada a tsaga ta da yawa."

Ya ɗago da idonsa guda ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke kwance a tabarma. "Ke ɗiyar ina ce?"

"Turba."

"Na ko gani." Ya gyara riƙon wuƙa. "Sai dai ki sani, ba kowace saniya ka yarda ba. Ki shafa gishiri a gadon baya. Kada ki wanke ta, warin take nema."

Kaka ta ce, "Dabarar Fulani ce wagga. Ba a gidanga ba. Fata ta buzu ce."

Barunje ya ce, "Tsohuwa, wa za shi salla bisa wagga fata? Dubi shaidar bulala."

Na ninke fatar na kai inuwar rufewa na rufe ta da ganyen bedi saboda ƙuda. Kaka ba ta ce in mayar ba, ba ta kuma ce ta yarda ba.

Naman na dafa shi tun la'asar. Ya sha itace bai yi laushi ba, romonsa baƙi, ba maiƙo. Abin da muka aika wa maƙwabta, na ji daga baya wasu karnuka suka ba. Maigida ya tauna yanka ɗaya ya daɗe yana taunawa, ya tashi ya wanke hannu.

Da rana ta yi ja saniya ta dawo. Ba ta tsaya turkenta ba, ta wuce kai tsaye ƙofar ɗan ɗakin nan ta sa hanci ga asabari tana kira. Maigida ya jawo ta ya yi mata dabaibayi. Na durƙusa da ƙwarya. Hantsa a cike, da tauri kamar ɗanyen kabewa. Na shafa, na ja, na yi mata magana. Ko ɗigo. Maigida ya ce in tashi, ya gwada da ƙarfinsa, ta yi harbi da ƙafafu biyu ta fasa ƙwaryar. Ya ɗaga tsumagiya. Ya tsaya da ita a sama, ya dube ta, ya sauke hannunsa ya fita zaure.

Yarinyar ba ta sha komai ba tun safe sai ruwa. Na gwada romon naman, ta kau da kai. Na gwada kunu, ya dawo. Kukanta ya riga ya dushe, baki kawai take buɗewa, sai can sauti ya fito. Saniya na yi daga turke, ita tana yi daga tabarma. Gidan da ba a kuka.

Kaka na zaune bakin ɗakinta tana jan tasbaha, an kusa kiran magariba. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗiyar Isa."

"Na'am, Kaka."

"Wancan abin naki na fata. Shina motsi?"

"A'a."

"Shina kuka?"

"Ba shi kuka, Kaka."

Ta ja ƙwaya biyu uku. "To shi dai wanga ba shi kiran kowa," ta ce. "Gishiri na cikin tukunyata, ƙarƙashin gado."

Da asuba, bayan na yi salla, na ɗauko fatar. Ta fara ƙandarewa ta gefe. Na cusa mata ƙaiƙayi da tattakar gero, na ɗinke cikin da zaren kaba, na sa karan dawa huɗu a ƙafafu, na tokare wuyan da itace. Bai yi kama da maraƙi sosai ba. Kan ya karkace, ramukan ido babu komai ciki. A hancin ga zoben gyambo inda takunkumi ya zauna wata huɗu. Na daka gishirin Kaka na yayyafa ruwa na shafe gadon bayan. Na san ko ta yarda, fata bushewa take yi, wari na tafiya, saniya kuma ba wawiya ba ce. Damina da saura.

Na rungume shi na kai gaban saniya na tsayar. Ta ja da baya iyakar igiyarta tana huci. Ta miƙo wuya, ta shinshina wutsiya, ta bi gadon baya har kunne. Ta yi wani gunji ƙasa-ƙasa wanda ban taɓa jin ta yi ba. Sannan ta fiddo harshe ta fara lasa, daidai kan layukan tsumagiya.

Na durƙusa a hankali da sabuwar ƙwarya tsakanin gwiwoyina. Na dunƙule hannu na ɗan tunkuɗi hantsar sau biyu yadda maraƙi ke yi da kai. Na jira. Na ja, babu. Na sake ja. A na huɗu wani siririn zare fari ya sauka ya buga gindin ƙwarya.

Ludayi biyu da ɗan kaɗan ta ba ni, ta ɗauke. Ban matsa mata ba. Na bar ta tana lasa, na rufe ƙwaryar da gefen zanena don kada ta huce, na ratsa tsakar gida. Kaka na zaune bakin ƙofarta. A gabanta na ɗauki ɗiyata na ɗora a cinya, na tallafi kanta, na kai ludayi bakinta.